Mayar da bidiyo daga kwamfuta zuwa kaset: sana'a ce ko asarar jari?

Wani mai shagon tace bidiyo ya aiko da tambaya. Ya ce yana tace wa mutane bidiyon gida a kwamfuta, na biki da na yara da na taron dangi, kuma a 'yan kwanakin nan wasu na roƙon ya zuba musu a kaset, saboda tsofaffinsu injin bidiyo kaɗai suka saba kunnawa. An ba shi shawara ya sayi tsohuwar kyamara mai kaset ya riƙa bi ta cikinta. Yana son ya san ko ya zuba kuɗinsa, da yadda zai yanka farashi.

Malam, ka saya, amma kada ka ɗora lissafinka a kan wannan aikin shi kaɗai. Zan zo kan dalili. Bari mu fara da kayan aikin, domin a nan ake yawan tafka asara tun kafin a yi ciniki ko ɗaya.

Kyamarar da kake nema ita ce mai ƙaramin kaset na MiniDV, tsarin da ya fito a 1995, ko Digital8 ta kamfanin Sony da ta biyo baya a 1999. Bidiyo yana shiga cikinta ne ta wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, wasu kuma ka ga an rubuta DV ko 1394 a gefen ramin. Ramin USB da ke jikin yawancinsu na hotuna ne, ba zai yi maka wannan aikin ba. Za ka fitar da abin da ka tace a tsarin DV, wato tsarin bidiyon da irin wannan kyamarar ke karɓa, inda awa ɗaya ke cin kusan gigabayit 13, sannan ka tura. Ko dai kyamarar ta naɗa a nata kaset ɗin, ko ta miƙa hoton kai tsaye zuwa injin VHS, wato injin bidiyo na gida mai babban kaset, ta wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Ba kowace ce ke iya miƙawa kai tsaye ba. Wadda ba ta iya, dole ka naɗa a ƙaramin kaset tukuna sannan ka kunna wa injin, aiki ya zama ninki biyu.

Ga tarkon da nake so ka kiyaye. Kyamarori da yawa da aka ƙera don kasuwar Turai an toshe musu hanyar karɓar bidiyo daga waje, domin wadda ke karɓa ana lissafa ta a matsayin injin naɗa, harajin shigo da ita ya fi tsada. A ido ba ka ganin bambanci: ramin yana nan, waya tana shiga, bidiyo yana fita zuwa kwamfuta, amma ba ya komawa. Saboda haka kada ka biya sai ka gwada da kwamfutarka, ka ga hoton ya bayyana a ƙaramin allon kyamarar, ka naɗi minti biyar, ka mayar baya ka kalla. Ka kuma tabbatar tsarinta ɗaya da na injinan abokan cinikinka, PAL ko NTSC, wato tsare-tsaren hoton talabijin da suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan suka saɓa, kaset ɗin ba zai yi amfani a gidansu ba.

Sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da FireWire. Ana sa wa ta tebur katin FireWire a ciki, kuma ba shi da tsada. Wayar da ake tallatawa mai kan USB a gefe ɗaya da na FireWire a ɗaya gefen, bar ta a inda ka gan ta. Na fi so ka ware tsohuwar kwamfuta ɗaya don wannan aikin kawai, da ƙaramar manhaja irin WinDV, mai tura bidiyo tsakanin kwamfuta da kyamara. Kuma ka riƙa kashe kyamarar kafin ka jona waya, don babban kan wayar FireWire mai fil 6 yana ɗauke da wuta, yana iya ƙona mata rami.

Yanzu kuɗi. Abin da kake sayarwa a nan lokaci ne. Kaset ba ya karɓar gaggawa: bidiyon awa biyu sai ya ci awa biyu cur, kuma idan kwamfuta ta sarƙe a minti na hamsin, daga farko za ka koma. Don haka ka yi farashi bisa tsawon bidiyo, da mafi ƙarancin kuɗin da ba ka sauka ƙasa da shi ko da aikin na minti goma ne, tunda wahalar shiryawa ɗaya ce. Kuɗin kaset ka rubuta shi daban. Sai abin da masu shago ke mantawa, wato kuɗin lalacewar na'ura. Kan da ke naɗa bidiyo a cikin na'urar yana cinyewa da aiki, kayan gyara sun yi ƙaranci, kuma Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin VHS, ya daina tun 2016. Duk aikin da ka yi, ka cire wani kaso ka ajiye don sayen na'ura ta biyu. Ka kuma karɓi kafin alƙalami, domin kaset ɗin da aka naɗa wa bikin wani ba ya sayuwa ga kowa.

Ka yi wa kanka wannan lissafin kafin ka fita kasuwa: jimlar kuɗin kyamara da injin da kati, ka raba da ribar aiki ɗaya. Idan amsar ta ce sai ka yi aiki 30 kafin uwar kuɗi ta dawo, alhali mutum biyu ke tambaya a wata, ka ga shekara ta wuce jarinka yana kwance.

Shi ya sa na ce kada ka dogara da shi. Ribar tana ɗaya ɓangaren. Kayan da ka saya ɗin nan su ne dai ke kwaso bidiyo daga kaset zuwa kwamfuta, musamman idan kyamarar tana karɓar hoto daga injin VHS, abin da ya kamata ka gwada shi ma ranar saye. Masu tsofaffin kaset a akwati, suna tsoron danshi ya cinye muryar mahaifin da ya rasu, sun fi masu neman sabon kaset yawa nesa ba kusa ba, kuma ba sa ja-in-ja a farashi kamar su. Wannan shi ne cinikin da za ka rubuta a allon shago. Zubawa a kaset ya zama ƙarin hidima ga wanda ya nema.

Game da ingancin aiki, ka faɗa wa mai kaya gaskiya tun farko cewa hoton wayar salula mai kaifi zai dushe a VHS, kada ya zo karɓa ya zaci kai ka ɓata. Ka naɗa a gudun SP, wato gudun kaset na yau da kullum, domin na LP, mai tafiya a hankali don kaset ya ɗauki ƙarin lokaci, yakan ƙi kunnuwa da kyau a wata na'urar. Ka bar daƙiƙa 30 na baƙin allo a farkon kaset, inda ya fi saurin tsufa, in ka gama ka ɓalle ɗan harshen kariya don kada a naɗa wani abu a kai. Finafinan kasuwa kuwa kada ka kwafa wa kowa, haƙƙin masu su ne.

Ranar da wani ya kawo maka tsohon kaset ɗinsa, ka fara gwada injin da naka, ka duba nasa ko akwai farin fumfuna a jikin zaren, sannan ku rubuta yarjejeniya a kan abin da zai faru idan injin ya tauna shi. Sau da yawa wannan kaset ɗin shi kaɗai ne ya rage wa iyalin.