Amsa: Ina ya fi dacewa a kafa eriyar oba-oba a mota?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a gefen but za ka ɗaura ta. Ni dai tsakiyar rufi nake ba ka shawara, don ƙarfen rufin shi ne rabin aikin eriyar, yana baza sigina ta kowane ɓangare daidai.

In za ka huda, sauke silin tukuna, kada ka ci wayar fitila. Kankare fentin ta ciki har ƙarfe ya fito fes, sannan ka matse robar gindin eriyar sosai saboda ruwan sama. Eriya mai maganaɗisu ma tana yi, sai dai ƙurar da ke shiga ƙarƙashinta tana goge fenti.

Kafin ka fara magana da rediyon, auna SWR, wato awon da ke nuna ko eriyar ta dace da rediyon. In ya haura 2, gyara tsawon eriyar, kada rediyon ya lalace.