Ƙirar bindiga a hoto ba ta nuna ɓangaren mai riƙe da ita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gadarif a Sudan nake rubuto maka. Ga hoton ɗan ƙanwata nan na turo, yana riƙe da doguwar bindiga mai madubi a sama. Hoton na yawo a WhatsApp, wani ya rubuta a ƙasa wai Dragunov ce ta Rasha, irin ta ƙannasan (maharba daga nesa) Da'am, wato dakarun RSF da ke yaƙi da sojan Sudan, don haka yaron nasu ne. Uwarsa ta daina barci, shi ma ya daina leƙa kasuwa. Don Allah ana iya gane bindiga daga hoto? Kuma hakan hujja ce a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya kwantar wa ƙanwarka da hankali. Na duba hoton da kyau, kuma wannan ba Dragunov ba ce. Kalli gidan harsashin: akwai zane kamar gicciye a gefensa, kuma ya manne da ƙarfen da ke kare kunama, babu tazara. Katakon riƙo na gaba sama da ƙasa yake, irin na Kilash. Waɗannan alamomin PSL ce, ƙirar Romaniya. Ita Dragunov ta asali, wadda sojan Tarayyar Sobiyet suka fara amfani da ita a 1963, akwai sarari tsakanin kunama da gidan harsashinta, zanen gidan kuma murabba'i ne a jere, katakon gabanta ɓari biyu ne, hagu da dama, masu dogayen ramukan iska. Abin da ke ruɗa mutane shi ne gindi mai huda, da madubi da aka ɗaura ta gefen hagu, da harsashi iri ɗaya, 7.62x54. Daga nesa kama ce, a ciki kuwa PSL Kilash ce da aka ƙara wa tsawo.

To amma kada ka ɗauki wannan ka ruga da shi a matsayin wanke yaron, domin a nan ne babban kuskuren yake, kuma shi nake fama da shi kullum. Mu ƙaddara Dragunov ɗin ce. Sai me? Wa ya gaya wa waɗannan masanan waya cewa kowane ɓangare yana da tasa bindigar, da an gani an san mai ita? An kafa Da'am a 2013, majalisa ta yi mata doka a 2017, ta shafe shekaru tana karɓar makamai a matsayin rundunar gwamnati. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, barikoki da ma'ajiyoyi sun yi ta sauya hannu, har masana'antar makamai ta Yarmuk da ke kudancin Khartum ta faɗa hannun Da'am a Yunin 2023. Bindigar da ke kafaɗar soja da safe tana iya kwana a hannun abokin gabansa, bayan wata guda ta dawo, ko ta faɗa hannun mustanfarin, 'yan sa-kai masu goyon bayan soja, da ke gadin unguwa. Ga kuma makaman da suka fantsama daga Libiya bayan 2011.

Ko kalmar "ta Rasha" ɗin ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sin na ƙera kwafin Dragunov, Iran ma haka, kuma a hoto da wuya ka bambance su. Akwai Tigr, wadda kamfanin Kalashnikov ke sayarwa a matsayin bindigar farauta, yawanci hancinta ya fi gajarta kuma ba ta da wurin maƙala wuƙa. Rahoton Amnesty na Yulin 2024 ya nuna irin waɗannan bindigogin kasuwar farar hula sun ƙare a fagen daga a Sudan. Masu binciken makamai na gaskiya ba sa yanke hukunci da siffa. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen suke nema, da tambarin masana'anta, da shekarar ƙira, da rubutun gindin kwanson harsashi, sannan su bi takardun ciniki. Hoton da ya bi ta waya goma, WhatsApp ya matse shi har fuska na dishi-dishi, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna.

Haka nan madubi a kan bindiga ba ya mai da mutum ƙannas. Samari nawa ne suke aron bindiga don hoto kawai?

Abin da ke ɓata mini rai shi ne mai rubuta irin wannan maganar yana zaune a inuwa, bai taɓa riƙe bindiga ba, amma ya ɗora wa ɗan mutane kalmar da ke kai mutum kabari. Mun ga abin da ya faru a kanabi, wato matsugunan ma'aikatan gona, na Jazira a Janairun 2025, lokacin da soja suka ƙwato Madani, yadda aka kashe mutane bisa zargin haɗin baki. Mu Hausawa kuma ba mu manta rikicin ƙabilanci na Damazin da Rusairis a 2022 ba. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku cuci wasu a bisa jahilci ku wayi gari kuna nadama. Wanda ya tura hoton gaba bai bincika ba, yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya.

Kai kawunsa ne, ka zaunar da shi ya faɗa maka gaskiya: bindigar wa ce, a ina aka ɗauki hoton, yaushe. Ku nemo ainihin hoton a wayar da ta ɗauka, kada a goge shi, domin yana ɗauke da kwanan wata. Ku je da shi wurin umda, wato mai gari, ko limamin unguwa tare da waɗanda suka san inda yaron yake a lokacin, tun kafin wani ya rigaye ku kai maganar. Kada ku shiga cacar baki a zauren WhatsApp ɗin, amma ku ɗauki hoton saƙon da lambar wanda ya fara rubuta shi ku ajiye.