Tambaya da Amsa: Wai kashi 4 ne kawai ba su da aikin yi a Najeriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Anguwar Rogo ne a Jos, shekara uku kenan da gama bautar ƙasa, ba aiki, sai dai in yayana zai fita in tsare masa shagon POS ya ɗan bani na kati. Naji a rediyo wai marasa aiki a ƙasar nan kashi 4 da ɗoriya ne cikin ɗari, alhali a majalisarmu mu 12 mutum biyu ne kaɗai ke ɗaukar albashi. Don Allah ƙarya ake mana ko ni ne ban gane ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo maka mafita. Ba ƙarya aka yi maka ba, mudun awon ne aka canza. A lissafin ƙarshen 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce marasa aiki kashi 33.3 ne, a lokacin in aikinka bai kai awa 20 a sati ba to cikin marasa aiki za a jefa ka. Sai a watan Agustan 2023 hukumar ta koma tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda duk wanda yayi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don kuɗi ko riba ya zama mai aiki, shi ne adadin farkon 2023 ya fito kashi 4.1. Ba wai buɗe sabbin masana'antu ne ya kawo wannan raguwar ba.

Kaga kenan kai da kake tsare shagon yayanka ana baka ɗan wani abu, a takardarsu kana da aiki. Haka yaron da ke dakon kwandon tumatir a Farin Gada, haka mai karɓar keke yayi sawu biyu zuwa Terminus da yamma. Mu nan talauci baya barin mutum ya zauna, ba wani alawus ɗin marasa aiki da gwamnati ke biya kamar a Jamus ko Ingila, in baka fita ba tukunya ba zata hau wuta ba, shi yasa adadin ke fitowa ƙarami ko da ƙasa na cikin matsi.

Abin da yafi damuna ma shi ne wanda ya gaji. Kafin a ƙirga mutum a matsayin marar aiki sai ya kasance yana nema kuma a shirye yake ya fara, wanda ya yi ta yawo da takardu har takalmi ya cinye ya haƙura ya zauna gida, an cire shi daga lissafin gaba ɗaya. Wallahi ina da irinsu a dangi.

Don haka in ka sake jin kashi 4, nemi sauran alkaluman da ke cikin rahoton. NBS ɗin da kanta ta ce sama da kashi 90 na masu aiki suna buga-buga ne, ba takardar ɗauka ba fansho. Akwai kuma adadin waɗanda aikinsu bai kai awa 40 a sati ba kuma suna son ƙari, nan ne gurbinka. Sannan ka haɗa da hauhawar farashin kaya, wadda ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ka auna buhun shinkafa nawa mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 zai saya wa mutum biyun nan na majalisarku.