Wa ya fi a 'yan bayan hokin ƙanƙara?

Malam, ka tambayi wanda ya fi a 'yan bayan hokin ƙanƙara, na da da na yanzu. A wurina Bobby Orr ne, babu ja. Sau 8 a jere ya lashe kyautar Norris, wadda ake ba ɗan baya mafi ƙwazo a kowace kaka, daga 1968 zuwa 1975, kuma shi kaɗai ne ɗan baya da ya taɓa fin kowa maki a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, har sau biyu. Yakan ɗauko faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo tun daga bayan ragarsu, ya ratsa fili shi kaɗai. Ciwon gwiwa ya katse masa wasa yana ɗan shekara 30, abin tausayi.

Nicklas Lidström na Detroit ke bi masa: Norris 7, kofin Stanley na zakarun NHL 4. Doug Harvey ma yana da 7, sai dai ƙungiyoyi 6 kacal ake da su a zamaninsa, shi ya sa na ajiye shi na uku.