Abin da ya sa na ce ka tuge aguwar nan

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ce ka tuge aguwar da ka jera a bakin lambun makarantar makafin nan, alhali da ita ake shingen gonaki tun daga nan Katsina har Daura. Gaskiyarka, tana jure fari, tana tare dabbobi. Sai dai wannan lambu na hannu ne da hanci da baki. Yaron da ba ya gani, duk ganyen da ya ci karo da shi sai ya shafa, ya murza, ya sansana, wani lokaci ma ya kai baki. Aguwa kuwa da an karya ta sai farin ruwan nan ya fito, in ya shiga ido ko baki an shiga uku. Haka tumfafiya, wadda ke fitowa da kanta. Zaƙami da zurma da cin-da-zugu kada ka bar ko ɗaya ya yi kwana biyu a wurin. Fulawar nan mai ƙaya da ake jingina wa katanga ma ban yarda ba, komai kyanta.

Shuka abin da in an murza zai yi magana. Na'a-na'a, ɗoɗɗoya, ganyen lemun tsami, da lalle, wanda in ya yi fure ƙamshinsa kan cika wuri da yamma. Amma kada ka cusa su waje ɗaya, ƙamshin zai cakuɗe yaro ya kasa bambancewa. Ba kowanne tazararsa, har yaro ya riƙa cewa, na iso lalle, saura taku kaɗan in kai randa. Na baki kuwa, yakuwa da zogale sun isa. Don kunne, ka bar gamba tushe biyu, ka rataya busassun duma a reshe, iskar hunturu za ta yi sauran aikin. Gambar ka riƙa share gindinta, saboda maciji da kunama, don yaran nan hannu suke fara turawa.

Kwamin da bulo za ka ɗaga shi, ya kai ƙugun yaro. Katako asarar kuɗi ne, gara ba ta barinsa. Hanya kuma a yi mata baki wanda sanda za ta bi, nan daɓe, can tsakuwa, ƙafa ta san inda aka canza. In ka ajiye abu, to ya zauna ke nan. Baro ko tiyo da ka yar a tsakiyar hanya, a wurinsu tarko ne.

Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, sai ka wadata ta da takin shanu wanda ya ruɓe. Maganin feshi kuwa babu shi a nan. Toka da ruwan ganyen darbejiya za ka yi amfani da su. Daga Maris zuwa Mayu lambu ke mutuwa, sai ka binne tulu a kowane kwami, ka cika shi da ruwa ka rufe bakinsa, ya riƙa tsattsafowa a hankali. Na'a-na'a a inuwa za ta zauna, in ba haka ba bazara ta ƙone ta.

Dogon hutu kuma a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ƙarangiya da tsidau ke cin kasuwarsu. Kafin yara su dawo, cire takalmanka ka zagaya hanyar nan kaf, inda ya soke ka, durƙusa ka tuge.