Amsa daga Zangon Kumasi a kan jemagu da Marburg

Ɗana, ka tambaye ni ko gaskiya ne a Gana muna cin jemage, kuma wai shi ya sa cututtuka ke ɓullowa daga wajenmu. Ka ƙara da cewa a majalisarku ta Kano an yanke cewa Turawa ne ke ƙirƙiro su.

Jemagu kam muna da su, ba na wasa ba. A nan Kumasi bishiyoyin gidan namun daji da ke kusa da kasuwar Kejetiya cike suke da su, a Ankara, babban birnin Gana, kuma suna rataye a itatuwan bakin asibitin sojoji na 37. Da magariba in suka tashi kiwo sai sama ta yi duhu. Akwai masu cinsu, musamman mutanen Kwahu, ana kyafe su a kai kasuwa. Mu 'yan Zango ba ma ci. Amma maƙwabtanmu ne, kakanninmu sun sayi goro a hannun Tonawa, wato Ashantawa, tun zamanin fataucin Gwanja, don haka ba ma yi wa abincin mutum tofin Allah tsine. Kuma jemagen nan shi ke watsa irin loko da sauran manyan itatuwa a daji, korarsa asara ce.

Wanda aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar Marburg, cutar zazzaɓi mai zubar jini irin Ebola, ma wani iri ne daban, mai kwana a kogo da ramukan haƙar ma'adinai. A Yuganda aka kama ƙwayar a jikinsa, bayan ta kama masu haƙa a ramin Kitaka a 2007. Sunan kuwa na wani gari ne a Jamus, inda a 1967 ma'aikatan ɗakin gwaji suka kamu daga birai da aka kawo daga Yuganda, mutum bakwai suka mutu a can da garin Frankfurt. Ka ga Turawa ta fara kashewa kafin a san sunanta.

A Yulin 2022 aka tabbatar Marburg ta ɓulla a yankinmu na Ashanti. Cibiyar Noguchi ta Jami'ar Gana ta gano ta, cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar. Mutum uku ta kama, biyu suka rasu, a Satumba aka ce ta wuce bayan kwana 42 babu sabon kamu.

Abin da ya tayar mana da hankali a Zango a lokacin shi ne halinmu na zumunci. Daga jemage sau ɗaya ƙwayar ke tsallakowa, daga nan sai ta bi jini da amai da zawon majinyaci, da kuma gawa. Mu kuwa an san mu: mutum ya kwanta, ɗaki ya cika da 'yan dubiya, matarsa ke goge masa jiki da hannunta, in ya rasu 'yan'uwa ke wanka, ana idar da jana'iza a bi layi ana musabaha. Haka Ebola ta yi ɓarna a Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014, ta ci fiye da mutum 11,000. Wannan ne ya fi min ciwo, domin wanda ya fi ƙaunarka shi take fara kamawa. Shi ya sa a irin wannan lokaci masu wankan gawa a unguwanninmu ke sa safar hannu, kuma wanda zazzaɓi ya kashe farat ɗaya, da zubar jini, ba a taɓa shi sai ma'aikatan lafiya sun zo. Da wuya a zuciya, amma malamanmu sun nuna shari'a ta ba da sauƙi idan wanka zai jawo halaka.

Zargin da kuke yi ban raina shi ba. Ku kun ga gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, kuma shi ya ƙara wa ƙin allurar shan inna ƙarfi a 2003. Mu ma a 2015 an so gwada rigakafin Ebola a garin Hohoe na yankin Volta, jama'a suka ce za a shigo musu da cutar ne, majalisar dokoki ta yi ca, aka dakatar, alhali Gana ba ta taɓa samun mai Ebola ko ɗaya ba. Laifin na waɗanda ba su fara zama da mutane sun yi bayani ba ne. Sai dai ka tuna ruwan gishirin da aka sha aka yi wanka da shi don gudun Ebola a Najeriya a 2014, har aka rasa rayuka. Jita-jita ma tana kisa.

Mu nan tsiraru ne, in annoba ta shiga Zango da cunkosonsa mu za a nuna da yatsa. Don haka labari irin wannan ba a saƙon waya muke tsayawa ba. Muna jiran abin da liman zai faɗa ranar Juma'a da abin da Sarkin Zango zai sanar, su kuma sukan fara jin ta bakin likitoci. Da Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya miƙa hannunsa aka yi masa allurar korona a 2021, yana da shekara sama da ɗari, da yawa cikin masu gardama sun bi sahu.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ta daina cin mangwaron da jemage ya gutsura.