Ga ɗalibin da Oganik ta hana barci: fara neman inda elektiron suke

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce kana aji biyu a jami'a, ka haddace riyakshan sun fi 50 a kwas ɗin Oganik, wato kemistirin sinadarai masu kabon, amma da zarar an ɗan sauya wa sinadari kama a takardar jarrabawa sai komai ya gudu daga kanka, kana neman a faɗa maka yadda ake karanta ta. Zan tsawaita, ka yi haƙuri da ni, domin ramin da kake ciki na taɓa faɗawa cikinsa.

A daidai ajin da kake na samu kariyoba a Oganik, kuma ba wasa na yi da karatu ba. Ina da littafi mai ganye 80 da na cika taf, kowane layi kaza a haɗa da kaza ya ba da kaza, ina bitarsa bayan sallar asuba kamar mai tilawa. A aji an koya mana da CH3CH=CH2. Ran jarrabawa sai ga CH3CH2CH=CH2, an ce a sa masa HBr a nuna yadda abin ke faruwa mataki-mataki. Kabon ɗaya tal aka ƙara, amma na zauna ina kallon takarda har aka karɓe. Da aka dawo hutu wani yayanmu da ke digiri na biyu ya zaunar da ni a gindin darbejiya, ya karɓi littafin nan nawa ya zauna a kai, ya miƙo mini fensir da farar takarda. Duk abin da ya zana, tambayarsa ɗaya ce: a ina elektiron suka yi yawa, kuma wa ke buƙatarsu? Sati 3 muka yi a haka. Yau shekarata 11 ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma da wannan tambayar nake buɗe darasi.

Mu mutanen hadda ne, baiwa ce da Allah ya yi mana tun daga makarantar allo, kuma tana da gurbinta a nan. Sunayen alken (alkane, waɗanda ɗaurinsu duk guda-guda ne, ba C=C) 10 na farko, siffar kowane rukuni, da sharuɗɗan riyakshan, duk sai an haddace. Amma mekanizim, wato nuna yadda riyakshan ke faruwa mataki-mataki, kamar nahawu yake. Wanda ya san fa'ili rufu'a yake ɗauka ba ya buƙatar haddace kowace jimlar Larabci kafin ya sa mata wasali. Kai yanzu jimloli kake haddacewa, shi ya sa sabuwa take ba ka tsoro.

Fara da abin da malamanku ke kira fankshinal guruf. Ni ina ce wa yarana, sarƙar kabon ƙota ce, rukunin kuma shi ne ruwan da aka ɗaura mata. Ƙota ɗaya, ka sa mata ruwan gatari ta yi sara, ka sa na fartanya ta yi noma. Ko ƙotar ta yi tsawo ko ta gajarce, aikin na ruwan ne. Dubi CH3CH2OH da CH3OCH3. Dukkansu C2H6O ne, ba wanda ya fi wani ko da atom ɗaya. Na farko, etanol, ruwa ne da ke tafasa a digiri 78 na ma'aunin Selsiyas. Na biyu kuwa iska ne, tun kusan digiri 24 ƙasa da sifili ya riga ya tafasa. Bambancin kawai, a na farko haidirojin na maƙale da oksijin, don haka ƙwayoyin suna riƙe juna da ƙarfi. Da na gane wannan sai na ga cewa tambayar da ta kayar da ni ba sabuwa ba ce, ƙota aka ƙara wa tsawo, ruwan yana nan, wato C=C, ɗauri biyu tsakanin kabon biyu.

To ta yaya za ka san inda elektiron suka taru? Akwai lambobi kaɗan na ma'aunin Pauling da ke nuna ƙarfin kowane atom wajen jan elektiron: haidirojin 2.2, kabon kusan 2.5, buromin kusan 3.0, naitirojin 3.0, oksijin kusan 3.4. Tsakanin kabon da haidirojin tazarar ba ta da yawa, ba wanda ya danne wani, shi ya sa alken irin na kananzir suke zaune lafiya, sai dai a cinna musu wuta ko a haɗa su da kulorin a hasken rana. Amma duk inda ka ga kabon haɗe da oksijin ko buromin, to an janye masa elektiron, ya zama mabuƙaci. Duk inda ka ga oksijin ko naitirojin da tagwayen elektiron da ba su shiga ɗauri ba, ko atom mai cajin negetif, ko C=C da elektiron ɗinsa ke shanye a sama da ƙasa ba mai tsaronsu, to ga mai hali nan. Mai halin shi ne nukiliyofil, mabuƙacin shi ne elektirofil. Mafi yawan abin da za a tambaye ka a wannan ajin labarin haɗuwar waɗannan biyun ne.

Kibiyar nan mai lanƙwasa, wadda Robert Robinson da abokin aikinsa Kermack suka fito da ita a 1922, tafiyar elektiron biyu take nunawa, ba tafiyar atom ba. Wutsiyarta a kan elektiron, kanta a inda za su sauka. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a takardun yara: su zana kibiya ta taso daga H+ zuwa C=C. H+ ba shi da elektiron ko ɗaya, me zai ba wani? Daga C=C kibiyar za ta taso ta je wa haidirojin. Kuma bayan kowane mataki ka tsaya ka ƙirga abu biyu: kada wani kabon ya wuce ɗauri 4, kuma jimlar caji kafin mataki ta yi daidai da ta bayansa. Rabin makin da ake asara a nan yake zubewa.

Mu koma kan CH3CH=CH2 da HBr. Elektiron ɗin C=C sun kama haidirojin, buromin ya fice da elektiron ɗin ɗaurinsa ya zama Br-. Yanzu haidirojin zai sauka a ɗaya daga kabon biyun, ɗayan kuma a bar shi da cajin fozitif. In ya sauka a kabon na bakin layi, cajin zai faɗa kan na tsakiya, wanda ke da maƙwabta kabon biyu da ke tura masa ɗan abin da ya samu. In ya sauka a na tsakiya, cajin zai faɗa kan na bakin layi mai maƙwabci ɗaya kacal. Wanda ke da masu tallafa masa ya fi jure rashi, don haka hanyar farko ce ke yin nasara, Br- ya zo ya zauna a tsakiya, a samu CH3CHBrCH3. Wannan ita ce ƙa'idar da Markovnikov, masanin ƙasar Rasha, ya wallafa a 1870, wadda ake sa yara haddacewa da cewa mai haidirojin da yawa shi ake ƙara wa. In ka san dalilin, ba ka buƙatar haddar, kuma ranar da aka sa feroksaid a cikin tambaya ka ga amsa ta juye ba za ka ruɗe ba, za ka san hanyar ce ta canza zuwa ta radikal, inda elektiron ke tafiya ɗaiɗai.

SN1 da SN2, hanyoyi biyu da nukiliyofil ke maye gurbin wani a kan kabon, su ne suka fi wahalar da ni, don haka bari in ɗan zauna a kansu. Hughes da Ingold ne suka rarrabe su a Landan cikin shekarun 1930. Ka ɗauki A Daidaita Sahu, buɗe take ta gefe biyu. A SN2, fasinja yana zaune, wani ya kutso ta wannan gefen, shigarsa ita ce fitar wancan ta ɗaya gefen, duk a lokaci guda. Haka OH- ke yi wa CH3Br: ta baya yake zuwa, daura da inda buromin yake, sauran ɗauri ukun su juye kamar laimar da iskar farkon damina ta birkice. Dole hanyar bayan ta zama a buɗe, shi ya sa kabon da ba shi da cunkoso ya fi saurin yi, kuma saurin ya dogara ga yawan su biyun, abin da 2 ɗin ke nufi ke nan. Amma (CH3)3CBr an yi masa lodi ta ko'ina, ba ta inda mai shiga zai kutsa. Sai dai buromin ya sauka da kansa tukuna, kujera ta zauna ba kowa, sannan mai shiga ya shigo ta gefen da ya ga dama. Wannan shi ne SN1. Kabon ɗin yana iya jure zaman cajin saboda maƙwabta uku na tallafa masa, dalilin nan dai da muka gani a wajen Markovnikov. Saukar ce ke ɗaukar lokaci, don haka ko ka ninka masu jiran shiga saurin ba zai ƙaru ba. Kuma tunda ana shiga ta gefe biyu, in kabon ɗin mai hannun dama da hagu ne, wato yana riƙe da abu huɗu daban-daban, gaurayen siffofi biyu za ka samu. Ka lura 1 da 2 ba yawan matakai ba ne. SN1 ce ma mai matakai fiye da ɗaya.

Shi kuwa C=O, a gidanmu na fara ganin aikinsa ban sani ba. Kakata tana yin sabulun salo. Za ta tara toka, ta zuba a tukunya mai huji a gindi, ta tsiyaya ruwa, ruwan tokar ya ɗiga a ƙwarya ja-ja-ja, in ka taɓa shi ka ji santsi a yatsa. Sai ta ɗora shi a wuta da man kaɗe, ta yi ta juyawa da muciya har ya kama jikinsa. Man nan esta ne, sarƙoƙi uku dogaye ɗaure da gilisarol. Ruwan toka yana ɗauke da kabonet na fotasiyam, wanda ke samar da OH- a cikin ruwa. OH- ya kai wa kabon ɗin C=O hari domin oksijin ya talauta shi, elektiron biyu suka hau kan oksijin na ɗan lokaci, suka sauko suka maido da C=O, suka kori ɓangaren gilisarol. Abin da ya rage shi ne gishirin asid mai doguwar sarƙa, kansa na son ruwa, wutsiyarsa na son maiƙo, wato sabulu. Hari, hawa, saukowa, kora. Wannan zanen guda ɗaya shi za ka maimaita a asid kuloraid, da anhaidiraid, da amaid, mai fita ne kawai ke canzawa. A aldihaid da kiton kuwa babu mai fita mai sauƙi, don haka labarin ya tsaya a hari da hawa, oksijin ya ɗauki haidirojin, ya zama ƙari ba musanya ba. Babi biyu manya na handawut ɗinka ke nan a hannunka.

In kana Kano, ko ka shigo, ka je marinar Ƙofar Mata ka tsaya minti 10. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa. A cikin rijiyar rini, tare da toka, ƙwayoyin halitta suna rage shi ya koma siffar da ke narkewa ta shiga zare. Marini zai ɗago ƙyalle ka gan shi kore-kore, kana tsaye iska ta taɓa shi ya rikiɗe ya koma shuɗi, ya maƙale a zaren. Ridokshan a cikin rijiya, oksideshan a bakinta. Tun da na kai ɗalibaina sau ɗaya ban sake shan wahalar bayanin wannan babin ba.

Abin da dole ka haddace, ka ware masa takarda guda kada ya wuce haka. Misali etanol da asid na salfa mai ƙarfi: a digiri 170 ruwa ke fita a samu CH2=CH2, a digiri 140 kuma sinadarin ether ake samu, C2H5OC2H5. Ruwan buromin yana rasa launinsa a wajen C=C. Daikuromet yana tashi daga ruwan lemo ya koma kore da alkohol na farko da na biyu (inda kabon mai OH ke da maƙwabcin kabon ɗaya ko biyu), na uku mai maƙwabta uku ba ya motsa shi, kuma ka tambayi kanka dalili: kabon ɗin da ke riƙe da OH ba shi da haidirojin da za a cire. Gwajin Tollens yana shafa azurfa a jikin kwalba kamar madubi da aldihaid, kiton bai yi. Asid mai COOH yana sa bakar soda kumfa, wannan ko da lemun tsami za ka iya gwadawa a gida. Sauran gwaje-gwajen ka bari sai a ɗakin gwaji gaban malami, asid na salfa ba abin wasa ba ne, na ga yadda ɗigo ɗaya ya huda rigar wata ɗaliba har ya taɓa fata.

Ga yadda zan so ka yi daga yau. Ka rufe littafin haddar nan. Kullum ka ɗauki mekanizim biyu kawai, ka zana da fensir kana faɗin dalilin kowace kibiya da baki, da Hausa ma in ta fi maka, sannan ka kife takardar ka sake zanawa da ka. Washegari ka canza ƙotar, ka sa sarƙa mai kabon 5 ko zobe, ka ga ko hannunka zai tafi shi kaɗai. Ka samu robar ƙulli ko ƙwallon yumɓu da tsinken tsire ka haɗa kabon mai ɗauri huɗu, domin juyewar SN2 sai an riƙe ta a hannu take zama a kai. Ka nemi tsofaffin tambayoyin sashenku na shekara 5, kuma ka samu aboki ɗaya ko biyu, ba taron goma ba, kowa ya riƙa koya wa ɗan'uwansa a allo. Ka kuma ɗauki takardar cikin kwalin magani ka nemi rukunai: farasitamol yana da OH a kan zoben benzin da amaid, asfirin yana da COOH da esta. In ka taɓa buɗe tsohuwar kwalbar asfirin ka ji tsami kamar na binega, laima ce ta shiga ta karya estan, irin harin nan na tukunyar kakata.

Ga aikinka na daren yau. Zana (CH3)2C=CH2 da HCl, ka nuna kowace kibiya, ka rubuta a gefe dalilin da ya sa cajin ya zauna inda ya zauna. Sannan ka ɗauki abin da ka samu ka sa shi a ruwa, ka faɗa mini ko SN1 zai bi ko SN2. Ka ɗauki hoton takardar ka turo ko da akwai kuskure, kada ka goge komai, ta wurin kuskuren zan gane inda za mu fara. Allah ya ba da sa'a.